Kututturan Kinue

Duk wanda ya taso a Angyo, wani gari kusa da Tokyo, ya san gonar dashen gidan Oshida, wadda ke gangare inda hanya ke karkata zuwa rafi. Momiji suke reno tun kaka da kakanni, bishiyar nan mai ganye kamar tafin jariri, wadda ke komawa ja wur idan sanyin kaka ya shigo. A wannan gona aka haifi Kinue, ita kaɗai a wurin iyayenta, ba wa ba ƙane.

Mahaifinta, Heizaburo, mutum ne mai zafin aiki da ƙarancin magana. Ya so ɗa namiji bai samu ba, bai kuma taɓa faɗa da bakinsa ba, sai dai kowa ya gani a yadda ya raba aiki. Cire ciyawa na Kinue ne, da tufka igiyar karan shinkafa da ake ɗaure ƙasar gindin bishiya idan za a ɗauke ta, da kai wa ma'aikata shayi. Zarto da almakashi kuwa suna rataye a bangon rumfa, ba ta isa ta taɓa su ba. Ba ta yi gardama ba. Amma idonta bai taɓa barin hannun tsohon ba idan yana yanka reshe, har ta kai tana sanin wanda zai cire kafin ya ɗaga hannu.

Cikin ma'aikatan gonar akwai wani saurayi, Masaji, ɗan manoman shinkafa daga Niigata, ƙaƙƙarfa mai yawan kunya. Kinue ce ta gan shi ta ce tana so, ita ce kuma ta fara gaya masa, don da shi za a jira da har yau ana jira. Aka yi aure, ya tare a gidansu ya ɗauki sunan Oshida, kamar yadda ake yi idan gida ba ɗa namiji. Suka haifi ɗa ɗaya, Norio.

Zamanin nan kasuwa tana ci. Kowane sabon gida a Tokyo yana son lambu, kowane lambu yana son momiji. Motoci na layi a bakin gonar tun da safe. Shekarar da ta rage masa a duniya, tsoho Heizaburo ya cika filin gangare da sabon dashe, layi bayan layi, ya ce waɗannan su ne za su yi wa Norio aure. Ya rasu bai ga sun kai ƙugunsa ba.

Bishiyoyin sun girma, amma duniya ta juya musu baya. Gidajen da ake ginawa suka ƙanƙance, inda ake barin lambu aka koma barin wurin ajiye mota. Masu saye suka ragu, suka ragu, har wayar gidan ta koma sai 'yan uwa ke kira. Momijin gangare kuwa ba ruwansu, suka yi ta tashi har suka wuce rufin gida, gindin wasu ya kai kaurin cinyar ƙato, rassansu suka sarƙe har rana ba ta taɓa ƙasa. Bishiya mai wannan girma ba mai saye, ba ma motar da za ta ɗauke ta cikin sauƙi.

Kinue ta haura hamsin lokacin da Masaji ya ajiye kwanon shinkafarsa wata safiya ya ce, “Maman Norio, na yi magana da masu manyan motoci. Suna neman filin ajiye motoci. Za a share gangare.”

“A share kamar yaya?”

“A sare, a tumɓuke, a zuba tsakuwa. Norio ma ya ce haka ya fi.”

“Norio da ke zaune a ofis, da ko shebur bai iya riƙewa ba?”

“To ganye za mu ci?” in ji shi. Bai ɗaga murya ba, ita ma ta san ba mugunta ke sa shi ba. Shi ne ke hawa tsani kowace shekara yana rage rassan da ba wanda zai saya, ga gwiwa ta fara ba shi matsala.

Ranar ba ta iya zama a gida ba. Ta shiga cikin layukan tana tafiya a hankali, tana dafa gindin wannan tana dafa na wancan. Can ƙasa kusa da rafi ta tarar da wata da guguwar bara ta karya daga daidai gwiwa, aka janye saman aka manta da gindin. Kinue ta tsuguna. Kututturen bai mutu ba. Ya fitar da toho ta ko'ina, ƙananan rassa jajaye masu ganye ɗan mitsitsi, ga saiwoyinsa sun baje a kan ƙasa kamar yatsun hannu sun damƙi tudu. Ta daɗe tana kallo, ta karkata kai dama, ta karkata hagu. Abin da ta gani ba kututture ba ne. Tsohuwar bishiya ta gani, irin ta kan dutse, a tsaye cikin girman da za a iya runguma.

Maƙwabcinsu ta gabas shi ne Kawu Tokuzo, abokin mahaifinta, wanda ya ƙare rayuwarsa yana renon bonsai, ƙananan bishiyoyin nan na cikin kasko. Ga iya aiki, ga baki. Ta same shi a kan benci yana naɗa wa wani reshe waya, gilashi a kan hanci.

“Kawu, momijin gona idan aka sare shi a gwiwa, zai zama bonsai?”

Ya dube ta ta saman gilashi. “Zai zama kujera dai. Ki ɗora masa matashi.”

“Da gaske nake, Kawu.”

“Ni ma da gaske nake. Ke 'yar Heizaburo, shekarunki nawa? Sara ɗaya, miki kamar bakin kwano. Kafin ɓawo ya rufe shi kin fara tafiya da sanda. Kafin ki gina masa rassa ni na zama ƙasa ana shuka a kaina.”

“Amma ana yi?”

“Ana yi mana. Masu taurin kai suna yi.” Ya koma kan wayarsa, sannan ya ƙara da cewa, “Ki zaɓi masu kyan ƙafa, wato gindi da saiwa. Sama duk ƙarya ce, ana iya sake ta. Ƙafa ce ba a saye a kasuwa.”

Da yamma ta ce wa Masaji ya ba masu motoci saman fili, ya bar mata layukan ƙasa na bakin rafi. Ya ce me za ta yi da su. Ta gaya masa. Ya sosa ƙeya, ya ce filin ubanta ne, ba zai hana ta ba, amma kada ta sa ran zai sa hannu. Washegari Kinue ta shiga rumfa ta sauke zarton mahaifinta daga bango. Ta riƙe shi da kyau ta fita.

Ta yi gaggawa, gaggawar kuma ta ci ta. Ƙarshen hunturu ne, lokacin da ruwan jikin bishiya ke tasowa daga saiwa. Duk wadda ta sare sai bakin saran ya yi ta zubar da ruwa, yana gangarowa ta ɓawo dare da rana kamar hawaye. Ta shafa magani, ruwan ya wanke shi. Ta ɗaure da tsumma, ya jiƙe sharkaf. Da ɗumi ya shigo wasu suka yi toho, amma da yawa suka bushe ƙayau, ɓawonsu ya yi baƙi. Masu wucewa a hanya suna leƙowa su ga kututturai a jere, sai wani mai baki ya raɗa wa wurin suna maƙabartar Oshida. Sunan ya bi gari.

A wurin taron manoman dashe aka tsokani Masaji da shi. Ya dawo gida fuska a murtuke.

“Yau har tambayata aka yi wai yaushe za a kawo furannin ta'aziyya.”

“Me ka ce musu?”

“Me zan ce? Kin sa ni a bakin duniya, Maman Norio. Ni baƙo ne a garin nan, sunan ma aro na yi. Yanzu kowa cewa yake surukin Heizaburo ya kasa riƙe gona, ya kasa riƙe mata.”

Maganar ta soke ta, don ba ta taɓa sanin har yanzu yana jin kansa baƙo ba. Ta zuba masa miya ta tura gabansa. “Baban Norio, ba don in kunyata ka nake yi ba. Ka ba ni lokaci. Idan duk suka mutu, ni da kaina zan kira masu tsakuwa.”

Ya jawo kwanon ya sha miyar.

Kawu Tokuzo ya leƙo ta kan shinge ya ga ɓarnar, ya girgiza kai. “Wa ya aike ki sara da sanyi? Momiji ba a yanka shi sai ganye ya ƙosa, wajen shigowar damina, lokacin da yake da ƙarfin rufe mikinsa.”

“Ai da ka faɗa mini, Kawu.”

“Kin tambaye ni? Cewa kika yi ana yi, na ce ana yi. Kika fita da gudu kamar ana rabon kifi.”

Da damina ta sare sauran da ta rage, wannan karon a karkace, bakin saran yana kallon baya, ta gyara gefensa da wuƙa mai kaifi ta shafe da magani. Kusan duk suka rayu. Daga nan aikin gaske ya fara. Kowane kututture sai ta zaɓi toho ɗaya ta bar shi ya yi ta gudu sama, ya yi kauri, ya ja ɓawo ya rufe mikin da ke ƙarƙashinsa. Idan ya yi kauri sai ta sake sare shi a sama kaɗan, ta zaɓi wani tohon ya ci gaba, don jikin bishiyar ya riƙa sirancewa daga gindi zuwa kai. Norio ya zo hutu ya tsaya yana kallo, ya ce, “Mama, ni ban gane ba. Ki raini reshe shekara da shekaru, sannan ki sare shi ki jefar?” Ta ce masa shi ma ai haka aka yi ta aske masa kai har ya zama mutum.

Wahala mafi girma ita ce tono. Bishiyar da ta yi shekaru a gona saiwarta ta yi nisa, dole a haƙa rami kewaye da ita, a datse babbar saiwar da ta nutse ƙasa, a wanke sauran, a baje su a kan faffaɗan katako don su bazu gefe maimakon su nutse. Ranar da ta fara, tun hantsi take fama da gindi ɗaya har rana ta karkata bai motsa ba. Tana zaune a bakin ramin tana haki, taɓo har gira, sai ta ji an zare shebur daga hannunta. Masaji ne. Bai dube ta ba.

“Matsa. Ba haka ake tono ba. Kina haƙa kamar mai neman dankali.”

Ya shiga ramin, ya sa ƙafa, ya sa kafaɗa, ba a jima ba gindin ya ɗago. Duk Angyo ba wanda ya kai shi iya tonon bishiya, ita ma ta sani. Ya ce wannan ɗaya kawai zai taya ta. Ya tono sauran duka. Da aka zo maganar abin da za a dasa su a ciki, sai ga shi ya dawo daga kasuwa da tsoffin akwatunan katako na zuba tuffa a bayan mota, ya zauna da guduma yana rage musu zurfi, yana huda musu ƙasa, yana gunaguni cewa shi fa ba ruwansa da wannan aiki.

Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Da zafi ganyen momiji na ƙonewa, sai ta kafa musu asabari, ta yi ban-ruwa safe da yamma, wani lokaci har da tsakar rana. Bikin 'yar ƙawarta a Niigata ma da ta je, kwana ɗaya ta yi ta juyo, ta ce ba ta yarda da ban-ruwan kowa ba. Idan ganye ya ƙosa ta bi da almakashi ta cire shi don sabon da zai fito ya zo ƙanana, rassa su ƙara yawa. Ta koyi naɗa waya a wurin Kawu Tokuzo, wanda ba ya koyarwa sai da gori. Idan ta naɗa ya ce, “Wannan reshe ne ko ɓarawo kika kama?” Idan ta sassauta ya ce, “To yanzu kuma abin wuya kika sa masa?” Ba ta taɓa fushi ba, don ta lura kullum shi ke fara leƙowa ta kan shinge, da kofin shayinsa a hannu.

Wasu daga cikin bishiyoyin suka fara shiga hannun masu sha'awa, mutane na zuwa daga garuruwan kusa su ɗauki ɗaya su ƙarasa renonta da kansu. Amma akwai guda da ba ta nuna wa mai saye. Ita ce ta fi kowacce faɗin ƙafa, jikinta ya ɗan karkata kamar mai sauraron magana, mikinta ya rufe har sai an nuna maka wurin. Kinue na kiranta Uwargida, don ta ce duk sauran a bayanta suke. Kawu Tokuzo ya zagaya ta wata rana, ya tsuguna da ƙyar ya leƙa ta daga ƙasa. Da ya miƙe sai ya ce, “Hm. Ba laifi.” Kinue ta shiga ɗaki ta gaya wa Masaji, suka yi ta dariya, don tun da suke ba su taɓa jin ya yabi abu haka ba.

Kawu Tokuzo ne ya kai sunanta ƙungiyar masu bonsai ta gari, ya ce a ba ta wuri a nunin kaka mai zuwa. Ƙungiyar duk maza ce, wasu suka yi ta noƙe-noƙe, ya ce idan ba a ba ta ba shi ma ya janye nasa. Aka ba ta.

Sai hunturun shekarar ya zo da abin da ba a saba gani ba. Dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba, mai nauyi, mai ruwa. Da gari ya waye Kinue ta buɗe ƙofa ta ga rumfar da take ajiye bishiyoyin ta durƙushe a tsakiya. Ta fita ko takalmin kirki ba ta sa ba. Ita da Masaji suka yi ta yaye ƙanƙara da hannu, suna ɗaga katako. Yawancin bishiyoyin sun tsira da ƙananan raunuka. Uwargida kuwa ƙarfen rufi ya faɗo mata a kafaɗa, ya tsage babban reshenta na farko, wanda duk kyan tsayuwarta a kansa yake, ya cire shi daga tushe.

Kinue ta ɗauki reshen ta riƙe. Masaji ya tuɓe rigar sanyinsa ya yafa mata, ya ce, “Ni na kafa rumfar nan. Da na ƙara mata ginshiƙi.”

“Kai ka zubo ƙanƙarar?” in ji ta. “Ɗauko mini wuƙa da magani.”

Ta gyara mikin a wurin, cikin sanyin nan. Nunin kaka dai ya wuce ta. Wasu suka ba ta shawara ta juya bishiyar ta mai da baya gaba, a ɓoye gurbin. Ta gwada, ta ga ba ita ba ce. Ta ce reshe a nan yake, a nan kuma zai koma.

Ta bar wani siririn reshe na sama ya yi tsawo shekara guda ba ta taɓa shi ba, har ya zama kamar bulala. Kafin toho ya buɗe, ta ɗauko abin huda katako na Masaji ta huda jikin Uwargida daga wannan gefe zuwa wancan, daidai inda tsohon reshen yake. Masaji ya kau da kai, ya ce shi ba zai iya kallo ba. Ta lanƙwaso bulalar a hankali, ta zura kanta ta cikin hudar har ta fito ta ɗaya gefen, ta toshe bakin da magani. Idan reshen ya yi kauri zai cika hudar, ya manne da jikin uwar, ya zama nata. Sai dai abin ba ya son gaggawa.

Kawu Tokuzo a lokacin ƙafa ta ƙi, ba ya iya zuwa bakin shinge, sai dai Kinue ta je ta same shi a baranda. Kullum tambayarsa ɗaya.

“Ya kama?”

“Da saura, Kawu.”

“Ke dai so kike in mutu ban gani ba. To na ƙi. Ki gaya wa bishiyar taki ina nan ina jira, mu ga wanda zai gaji.”

Bazara biyu suka wuce kafin ta ga gefen da reshen ya fito ya fi gefen da ya shiga kauri, alamar ya fara sha daga jikin uwar. Ta ƙara haƙuri har wata damina, sannan ta datse shi ta baya. Kwanakin da suka biyo baya ko abinci ba ta ci da daɗi ba, tana fita tana duba ganyen ko zai yi yaushi. Bai yi ba. Ya tsaya kore shar. Ta tafi gidan Kawu Tokuzo da saurinta, tun daga ƙofa take cewa, “Ya kama! Kawu, ya kama!” Tsohon ya ce to a daina yi masa ihu a gida, sannan ya sa 'yarsa ta shiga ɗaki ta fito da wani abu a naɗe cikin tsohon bargo. Kasko ne mai faɗi, mara zurfi, launinsa shuɗi mai haske kamar sararin sama bayan ruwa. Na mahaifinsa ne, bai taɓa ba kowa aronsa ba.

“Ba za ki kai ta gaban mutane cikin akwatin tuffa ba,” in ji shi. “Aro ne fa. Idan kika fasa, ki bar garin.”

Sai da ta ƙara wasu shekaru tana gina ƙananan rassa a kan sabon reshen kafin ta yarda ta kai ta. A lokacin gashinta ya yi fari fat. Sanyin kakar shekarar ya zo daidai, dare da sanyi rana da haske, Uwargida ta rine tun daga ƙasa har sama, ja a waje, ruwan lemo a ciki. Masaji da Norio suka ɗauke ta a kan katako kamar masu ɗaukar amarya, Masaji na ta yi wa ɗansa tsawa ya bi a hankali. A ɗakin taron gari aka ɗora ta a kan ƙaramin teburi, aka sa farin labule a bayanta, aka ajiye ɗan kati a gaba mai ɗauke da sunan Oshida Kinue.

Ita ta koma can gefe ta tsaya, cikin rigarta ta fita unguwa, tana jin kunya kamar an kama ta da laifi. Masaji kuwa, mutumin da ba ya iya haɗa ido da baƙo, ya kafe a gefen teburin tun safe. Duk wanda ya tsaya kallo sai ya matso.

“Daga gona aka tono ta. Ta fi rufin gidanmu tsawo a da. Matata ce ta yi. Ga ta can, mai farin gashi. Wannan reshen da kake gani, ta cikin jikin bishiyar ta zuro shi. Nemi wurin in ka isa.”

Mutane su sunkuya su nema su rasa. Kinue ta yafito shi ta ce a hankali, “Baban Norio, ka bar mutane su yi kallo mana.”

“Ina hana su ne? Bayani nake yi.”

Da rana 'yar Kawu Tokuzo ta turo shi a keken marasa lafiya, an lulluɓe masa ƙafafu. Ya sa aka tsayar da shi a gaban bishiyar. Mutane suka ja baya don girmamawa, ana jiran a ji abin da zai ce. Ya duba ƙafar, ya duba reshen, ya duba sama. Idonsa ya kawo ruwa, ya goge da bayan hannu ya ce fitilun ɗakin nan sun cika haske.

“Kaskon ne ya taimake ta,” in ji shi. Aka fashe da dariya. Sannan ya kamo hannun Kinue ya riƙe, ya rage murya. “Na yi shekaru ina gaya wa Heizaburo ya ba ki almakashi. Bai ji ba. Ki riƙe kaskon, ya sami mai shi.”

Lambar farko wani tsohon gwani ya ɗauka da bishiyar da ta girmi kowa a ɗakin, Kinue kuma ta ce ya cancanta. Ita an ba ta lambar da masu kallo ke zaɓa da kansu, wata 'yar takarda mai zanen zinariya a gefe. Masaji ya sa aka yi mata gilashi ya rataye a inda duk mai shigowa gidan zai fara gani. Kawu Tokuzo ya rasu da sanyin shekarar, Kinue ce ta ɗauki nauyin ban-ruwan bishiyoyinsa har aka sama musu hannun da ya dace.

Bayan nunin sai wani sabon aiki ya same ta wanda ba ta nema ba. Ashe gonakin da momiji ya fi ƙarfinsu suna da yawa, a nan da garuruwan kewaye, 'ya'ya sun gaji fili ba su san yadda za su yi da shi ba. Aka fara kiranta ta zo ta duba kafin a share. Takan je da jajayen tsummoki a aljihu, Masaji na tuƙa ta, ta bi layi tana ture ganyen ƙasa da sandarta don ta ga ƙafar kowace bishiya. Wadda ta yi mata sai ta ɗaura mata tsumma, ta nuna wa masu gonar inda za su sara da lokacin da za su sara. Matan unguwa ma suka fara taruwa a rumfarta ranar Asabar, kowace da almakashinta, ana aiki ana shan shayi da gasasshen dankali, ana gulmar mazaje.

Kwanan baya wata mata mai suna Sumire ta kira ta daga wani ƙauye a hayin kogi. Mijinta ya rasu ya bar mata fili cike da manyan momiji. Kinue ta zagaya ta ɗaura tsummokinta, ta zo kan wata mai gindi kamar turmi ta tsaya, ta daɗe tana shafa ɓawon.

“Wannan kam ni za ki sayar wa,” ta ce.

Sumire ta dube ta, ta dubi bishiyar, ta ce cikin ladabi, “Inna, ba raini ba, amma wannan ai aikin shekaru ne masu yawa.”

“Na sani, 'yata. Shi ya sa nake so a tono ta da wuri.” Ta juya wajen mota ta ɗaga murya. “Baban Norio! Zo ka ga wata ƙafa.”

Masaji ya fito yana ɗingishi, yana cewa shi fa ya gama tono a rayuwarsa, likita ma ya hana shi. Ya iso ya tsuguna, ya share ƙasar gindin da tafin hannu, ya bi saiwoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ɗago ya tambayi Sumire ko akwai ƙartin samari a ƙauyen da za su riƙe shebur, shi zai tsaya a kansu ya nuna musu inda za su haƙa.